Tambaya da Amsa: Zuwa Su a Bayan Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu uku ne, da fatsa muke kamun kifi a rafin garinmu, amma kifin ya yi ƙaranci. An ce mana a dam ɗin Balanga, ta gefen da duwatsu suke, inda mota ba ta kaiwa, ana samu. Muna son mu taka da ƙafa mu gani. Wane lokaci ya fi, kuma me za mu riƙa? (Mai karatu daga Kumo)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin maganar ƙugiya, ku fara da mutane. Duk ruwan da kuka gani yana da masu shi. Idan kun sauka a ƙauyen da ya fi kusa, ku gaida mai gari, ku nemi a haɗa ku da sarkin ruwa ko babban masuntan wurin, ku faɗi abin da ya kawo ku. Baƙi uku da jakunkuna a bayan dutse, a irin wannan zamani, ba wanda zai ɗauke su 'yan fatsa. Sannan ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora ku sallame shi. Shi ya san inda aka kafa kalli (ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa) da mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa), kada ku jefa zarenku a kai a yi rigima.

Lokaci kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina dutse na da santsi, ciyawa ta rufe hanya, kuma kwazazzabon da kuka tsallake da safe a bushe yana iya cika da la'asar saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama. Oktoba da Nuwamba kuma kaka ce, lokacin da saran maciji ke yawaita a kudancin Gombe. Aibin hunturu ɗaya ne: sanyi na rage wa kifi ci, don haka kada ku sa rai da sassafe. Sai rana ta ɗumama bakin ruwa, daga hantsi zuwa la'asar.

Da kaya a baya, cikin duwatsu, ku lissafa kilomita 3 a awa, ba 5 ta kan titi ba. Ku tashi bayan sallar asuba, ku kuma yanke lokacin juyowa tun daga gida, yadda za ku fito daga duwatsun da sauran awa guda kafin magariba. Nan ake yin kuskure: kifi ya fara ci da la'asar sakaliya, kowa na cewa bari in ƙara ɗaya, sai duhu ya same su a kan gangara. Kowa ya ɗauki ruwan sha lita 4, da tocila, da takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri. Silifas ya zauna a gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Na karfasa zare mai kaurin milimita 0.30 ya isa, da ƙaramar ƙugiya, don bakinta ƙarami ne, a sa mata tana ko curin dusa da aka kwaɓa da ɗan tuwo. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, tana bin wari, saboda haka a ba ta zare 0.45, ƙugiya babba da hanjin kaza. Ƙasan irin wannan ruwa duwatsu ne da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, darmar da ke nutsar da ƙugiya na yawan maƙalewa. Dabarar ita ce ku ɗaura darmar da wani guntun zare da ya fi na fatsar siranta, in ta maƙale ita kaɗai za ta tsinke. Ku riƙa darma goma kowannenku. Ku nemi bakin da rafi ke shigowa cikin dam, nan abinci ke taruwa. Kusa da bangon dam da mazubar ruwa kuwa ba wurin tsayawa ba ne.

Dawowa da kifin ma aiki ne. Tarwaɗa na iya shaƙar iska, tana yin awoyi da rai a jiƙaƙƙen buhu, sai dai a kula da ƙayar gefenta. Karfasa ba ta da wannan juriya. A farke cikinta nan take, a cire hanji da jan da ke cikin kumatunta, a shafe ta da gishiri, a sa a kwando ko buhun da iska ke shiga. In aka ƙulle ta a leda cikin rana, kafin ku kai bakin titi ta fara wari.

TAMBAYA: Idan maciji ya sari ɗayanmu a can fa? A ɗaure wurin?

AMSA: A'a. Wanda ya fi ɓarna a yankin Kaltungo, Ɓilliri da Balanga shi ne kububuwa, ɗan guntu mai launin ƙasa da ke laɓewa ƙarƙashin dutse. Dafinsa na hana jini daskarewa, shi ya sa ake ganin jini a dasashi ko a fitsari. Tsaga wurin na ƙara zubar jinin, ɗaurewa da igiya kuma na iya kashe ƙafar. Kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutsen da ake mannawa a wurin saran. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a sa kara a tallafe gaɓar kamar ta karaya, mutum biyu su ɗauke shi zuwa inda babur zai samu, a nufi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. Ko ya ce ba ya jin komai a tafi, alamun kan yi jinkiri. Wannan ne dalilin da uku ta fi biyu a irin wannan tafiya.

TAMBAYA: Mu dam ɗin Dadin Kowa muke son zuwa, ta wajen Dutsen Bima. Haka dokar take? (Daga Deba)

AMSA: Haka take, da ƙarin dorina. Akwai su a kogin Gongola a wannan yanki. Da dare suke fitowa kiwo, su koma ruwa da asuba. In kun ga faffaɗar hanya da ciyawa ta kwanta daga bakin ruwa, da sawu mai yatsu huɗu, ku bar wurin, kada ku zauna tsakanin dorina da ruwa. Kuma ku kama daga tudu, ku rage shiga ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa bayan wasu makonni ya je a auna shi, maganinta praziquantel ne, gwargwadon nauyin jiki ake ba da shi.