Cin kuɗi daban, kuɗin ci daban

Yaya Hajiya, sau uku na saurari saƙon muryarki. Na farko dariya na yi har da riƙe ciki, na biyu na kira ƙanwata ta zo ta taya ni, sai a na uku na lura ashe ke hankalinki a tashe yake da gaske. Ki yi haƙuri, ki kuma kwantar da shi. Da uwar ango ta ce miki ɗanta ba ya wasa da "chop money", yabonsa take yi. Nufinta yaron ba ya fashin kuɗin cefane, tun da ya fara samu shi ke riƙe da tukunyar gidansu. A nan Kumasi da wuya uwa ta ba ɗanta shaidar da ta fi wannan a wurin neman aure.

Na san inda kika ɗauko tsoron. A bakin 'yan Sabon Gari da finafinan kudu, in aka ce wane ya "chop money", to ya yi sama da faɗi da dukiyar jama'a. Mu ma muna faɗin haka, har almundahanar 'yan siyasa "chop chop" ake ce mata a rediyo. Ki duba inda kalmar ta zauna. In wani ne ya yi wa kuɗi "chop", ya cinye su ke nan. In kuwa kalmomin biyu sun haɗu sun zama sunan abin da ake bayarwa ana karɓa, kuɗin abinci ake nufi. Hausa ma ai ba ta haɗa cin kuɗi da kuɗin ci.

Kin tambaya ko Turanci ne ko shirmenmu ne na 'yan zango, mu mazauna unguwannin Hausawa a Ghana. Turanci ne, sai dai ya daɗe da barin gida. A wurin Baturen Ingila "chop" sara ne: a sare itace da gatari, a daddatsa nama, a yayyanka albasa a kan katako. In ya ce ma'aikaci ya samu "the chop", korarsa aka yi, gatari ya hau kansa. Babu ci a ciki ko kaɗan. Na daɗe ina koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma duk yaron da ya rubuta mini "chop" a madadin "eat" jan biro yake sha, domin masu duba takardun WAEC ba za su raga masa ba. Amma da an tashi tara, ni da shi duk abin "chop" muke nema. A bakin tekun nan kalmar ta samo ma'anar ci, cikin Turancin ciniki da ya tashi tsakanin jiragen Turawa da mutanen gaɓa, shi ya sa za ki ji ta tun daga Saliyo har Kamaru.

Da ta zo kuma ta tarar da shimfiɗa a shirye. Asantawa, waɗanda kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa, suna da wata 'yar kalma, "di", ma'anarta ci, amma ba ta tsaya a bakin kwano ba. Sarauta cinta suke yi, "di hene". Nasara ma haka, "di nkonim". Ciniki "di dwa" ne, kamar dai yadda muke cin kasuwa, Kirsimeti kuma "di bronya". Hatta hira da shari'a da "di" suke yin su. Ranar da na fara lura da wannan na ce ashe ba mu kaɗai ne maciya ba, mu da muke cin amana, mu ci bashi, mu ci riba, mu ci zaɓe, a ci mu tara, wuta ta ci gida, riga ta ci yadi biyar, sannan mu karkaɗe jiki mu ci gaba. To yaron da ya tashi a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, Hausa a gida, yaren Asantawa a kasuwar Kejetia, in ya buɗe baki da Turancin titi duk wannan kaya "chop" yake labta wa. A gidan kakarsa ya "chop" Sallah, a aji ya "chop last", wato ya zo na ƙarshe, kawunsa kuma ya "chop" muƙami.

Akwai wurin da Hausa ta fi ta tsari a ganina. Mu mun raba ci da sha. Mai ci galibi shi ne a sama, mai sha shi aka yi wa: a ci nasara amma a sha kaye, a ci riba amma a sha wahala, a sha mari, a sha rana. Na san za ki ce ai ana cin duka, to wannan zakka ce. Ita "chop" ba ruwanta, ta haɗiye su duka biyun. Wanda ya ci zaɓe da wanda ya sha mari bakinsu ɗaya, na biyun "chop slap" ya yi, wanda duniya ta yi wa zafi kuma yana "chop hot". Tana da wata ma'anar da ba zan rubuta ba, irin wadda "ci" ma yake da ita a bakin marasa kunya. Ki dai ja wa amarya kunne kada ta taɓa jingina kalmar da sunan mutum. Da ma a Ghana wannan Turancin na titi maza suka fi yinsa, ɗalibai da sojoji da direbobi, ba kamar Fatakwal ba inda uwa da 'ya kowa ke yi. Sunaye uku ne suka tsallake wannan katanga har jarida da alƙali ke faɗinsu ba kunya: "chop bar", "chop box" da "chop money".

"Chop bar" gidan abinci ne, kada "bar" ɗin ta firgita ki. Benci ne da manyan tukwane, ana kirɓa fufu a bayan gida, a kawo miki ruwa a roba ki wanke hannu. Mu dai mukan duba ko na Musulmi ne, saboda yanka da naman daji, wasu kuma sukan haɗa da sayar da giya.

"Chop box" kuwa akwatin katako ne mai kwaɗo da ɗan makarantar kwana ke tafiya da shi, a rubuta sunansa a jiki da fenti. Ko da gwamnati ta mai da babbar sakandare kyauta a 2017, har da abincin 'yan kwana, akwatin nan bai mutu ba. Da zan kai babban ɗana, kwana biyu na yi ina soya "shito", wannan baƙin yajin mai da busasshen kifi da ke wata da watanni bai lalace ba. Na ɗura shi a kwalba, na jera garin rogo, sukari, Milo, madarar gari da gwangwanayen kifi. Daren da tuwon makaranta bai kai ba, gari ake jiƙawa da ruwan sanyi a zuba sukari a sha. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan, ko minista ne, in kin ambaci wannan akwati sai kin ga ya yi murmushi.

Yanzu ga wanda ya shafi 'yarki. Da na zo Kano na ga yadda kuke yi: maigida ya sauke buhun shinkafa da na gero, ya yo cefane da kansa ko ya aiki yaro, matar tana ciki. Nan kuɗi ake ba mace, ita ke shiga kasuwa ta san yadda za ta yi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya ɗaga murfin wata samira da ke kan kabad ya sa a ciki. Ban taɓa ganin ya miƙa wa Inna hannu da hannu ba, ita kuma ba ta ƙirgawa sai ya fita. Mu yara daga yadda ta mai da murfin muke gane ko yau akwai nama. In ta aje shi a hankali, alhamdu lillahi. In muka ji ƙara, sai kowa ya kama kansa.

Kuma ba ya isa, wannan kowa ya sani, har masu bayarwar. Mace ke cikawa daga sana'arta ba tare da ta yi shela ba. Inna koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun kafin gari ya waye, abin da duk Ghana ke kira "Hausa koko". Matan zango su ne suka ciyar da ƙasar nan shinkafa da wake har sunan ya zama "waakye", tuwon zafi ma da sunansa na Hausa ake saye a ko'ina. A madadin cikon da take yi, namiji ba ya tambayar canji. Abin da ta tsimi nata ne, ta zuba a adashi, wanda nan ake ce wa "susu". Mijin da ya zauna yana lissafin kuɗin tumatir da matarsa, zancensa sai ya zaga unguwa kafin la'asar.

Nauyin da maganar ke da shi, rabi daga addini ne, tunda ciyarwa wajibi ce, rabi kuma zama da maƙwabta ne. Asantawa ta wajen uwa suke gado, kuma a al'adarsu miji da mata sukan zauna kowa a gidan danginsa. Da yamma za ki ga yara ɗauke da kwanuka a rufe, suna kai wa ubansu abincin da uwarsu ta dafa. Kuɗin da ke fita da safe da kwanon da ke dawowa da yamma, su ne igiyar auren a idon jama'a. In ya daina bayarwa, ko ta daina dafawa, ko ya ƙi cin abin da ta aiko, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Kakanmu da ya biyo ayarin goro ta Salaga ya yada zango a nan bai zo da wannan ba, amma fiye da shekara ɗari muna shan ruwa ɗaya da mutane, dole wani abu ya shafe mu. Yau in rikicin aure ya je gaban liman ko Sarkin Zango, tambayar farko da za a yi wa matar ita ce yaushe rabonsa da ba ta "chop money".

Saboda haka abin da ya kamata su Alhaji su tsayar kafin ɗaurin aure shi ne: kullum za a riƙa ba ta ko wata-wata, kuma ita za ta je kasuwa ko za a yo mata. Yarinyar da ta tashi a cikin gida a Kano, in aka damƙa mata kuɗi aka nuna mata hanyar Kejetia, ranar farko kuka za ta yi, ba ta jin yaren masu kaya, ba ta san farashi ba. Ni zan riƙa raka ta har ta saba. Samarin yanzu ma sun bar samira, ta waya suke turowa, MoMo, sai dai ki ji wayar amarya ta yi ƙara bayan sallar asuba.

Wani abu kuma, Yaya, tun kafin ki sake aiko mini da wani saƙon. A 2007 aka canja kuɗin Ghana, aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Tsofaffinmu har yau da tsohon lissafi suke magana. In uwar ango ta ce miki ɗanta miliyan ɗaya yake ajiyewa kullum, kada ki yi guɗa tukuna, sidi 100 take nufi.