Kalmar cof da ka ji a gidanmu na Kumasi

Ɗan'uwa, saƙonka ya iso, har sau biyu na saurare shi. Ka ce tun da ka koma Kano daga bikin ƙanwarmu abu ɗaya ke yi maka yawo a ka: kwana bakwai ka yi a Aboabo, a gidan Hausawa, amma kalmar da ta fi cika maka kunne ita ce chop, wadda muke furtawa cof. Yaro zai tafi makaranta, cof. Mace za ta kasuwa, cof. Ana tsine wa ɗan siyasa, cof. Sai ka rufe da tambayar da ta sosa mini rai, wai anya Hausarmu ba ta narke ba?

A bakin Baturen Ingila, chop sara ne ko yankawa, kamar saran itace ko yayyanka albasa. A nan Ghana kuwa ma'anarta ci. Daga nan ta yi rassa. Cof ba shi ne rumfar abinci inda ake dakan fufu da rana tsaka, ana zuba miyar gyaɗa ko ta kwakwar manja. Cof bokis akwatin katako ne mai kwaɗo da ake haɗa wa ɗan makarantar kwana, a cika shi da garin rogo, sukari, madarar gwangwani, kifin gwangwani da kwalbar shito, yajin nan baƙi da ake soyawa da mai da busasshen kifi. In an ce wane ya yi cof ɗin kuɗin ƙungiya, to ya cinye su. In an ce yana cof layif, duniya yake ci da tsinke. Har Sallah da Kirsimeti cof ɗinsu ake yi.

To ka tsaya ka saurari bakinka. Kai ba ka cin kasuwa? Ba ka cin jarrabawa, ba a cin sarauta a Kano, ba a cin amana, ba a cin bashi, ba a cin mutunci? Ƙungiyar ƙwallonku in ta yi sa'a ba nasara take ci ba? Mutanen Asante da muke zaune a ƙasarsu suna da kalma guda, di, mai irin wannan faɗin. Da ita suke cin abinci, di dwa cin kasuwa ne, di nkonim cin nasara. Ranar da na fara lura da haka ina saurayi, tsigar jikina ta tashi. Harsuna biyu da suka daɗe suna ciniki a kan huhun goro, kowanne da nasa ci mai ɗaukar kaya da yawa, sai ga Turanci ya shigo, aka kama kalmarsa guda aka ɗora mata kayan duka. Abin da ka ji a tsakar gidanmu ci ɗinka ne na Kano, riga kawai ya sauya. Akwai ma inda muka ƙi bin ta. Ɗan gari zai ce ya yi cof ɗin mari, amma ɗan zango da Hausa mari sha yake yi, kamar yadda yake shan wahala da shan rana.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce cof moni, kuɗin cefane. Kowace safiya kafin Baba ya fita wajen goro, yakan ajiye kuɗi a ƙarƙashin faifan da ke rufe da kwanon koko, ya ce, "Ga na cefane." Ita kuwa Inna, in tana ba maƙwabciya labari, cof moni take cewa, domin da shi ta tashi a gidansu. Ba ta taɓa ƙirga kuɗin a gabansa ba. Sai ya fita ta ɗaga faifan, ta ƙulle su a bakin zane, ta ɗauki kwando sai kasuwar Kejetiya. In sun gaza ba ta magana, daga ribar ƙosanta take cikawa. Ni ne mai riƙe mata kwandon, shi ya sa na sani.

Na san inda zancenka ya dosa, don ba kai ka fara ba. Inna 'yar Asante ce, ta musulunta kafin aure, kuma har gobe akwai dangi a can da in an ambace mu sai su ce ai 'ya'yan Batoniya ne, wato 'yar Asante. Matar nan ta yi shekara arba'in tana tashi dafa sahur, ita ta riƙa kora mu makarantar allo da bulala, ta iya miyar kuka har matan zango na aiko yara su tambayi yadda take yi. A wajen mutanenta ɗa na dangin uwa ne, a wajenmu na uba ne, saboda haka mu babu inda aka taɓa ce mana baƙi a ƙasar nan. Sai a wajenku muke jin haka, kuma yana da ciwo.

Kar ka manta yadda aka yi kai ka zama ɗan Kano. Kakan iyayenmu fatauci ya kawo shi Gwanja, ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, daga baya zuri'arsa ta gangaro Kumasi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mahaifinka ya hau babbar mota da tabarma da buta, nawa ya tsaya saboda Inna na da ciki. Baba har ya rasu bai daina ambaton safiyar nan ba. Ka tambayi Baffa, in Allah ya sa yana cikin nishaɗi, wane cof ba yake zuwa cin wake da shinkafa yana yaro. Zai faɗa maka har da sunan mai tuwon.

Ban ce Hausarmu ba ta sauya ba. Ka ji yara suna cewa "Inna ya zo", ka yi dariya, na gan ka. Gaskiya ne, a zango mun daɗe da haɗe mace da namiji a magana, ni kaina sai da na dage da sauraren sashen Hausa na BBC kafin na iya rarrabewa a rubutu. Amma ku ma da mota da tebur da bokiti da asibiti kuke kwana kuke tashi, ba wanda ya ce kun narke. Mu kuma mun bayar fiye da yadda muka ara. Fita titin Ankara, babban birnin Ghana, da safe ka ji abin da ake saye: koko, ƙosai da suke kira kose, waakye wanda waken namu ne, da tuwo zafi. Mutumin da bai taɓa taka Arewa ba da Hausa yake karya kumallo.

Sati mai zuwa babban ɗana zai koma makarantar kwana. Jiya uwarsa ta fito da cof bokis ɗin, wanda ni ma da shi na yi karatu, kafinta ya sake masa marfi. Ta zuba gari da shito, ta sa kilishin nan da ka kawo mana tsaraba a can ƙasa don kada ya cinye shi a makon farko. Ya roƙe ni in ce maka in za ka dawo da Babbar Sallah ka ƙaro, har da ƙuli-ƙuli. Ka gaida Baffa da mutanen gida.