Dalilin da ya sa ake kiran barikin Accra da Burma Camp

Malam, ka tambaya me ya haɗa barikin sojan Accra da ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yanzu) har yake ɗauke da sunanta. Yaƙin Duniya na Biyu ne. Da can Giffard Camp ake ce masa, sunan wani janar ɗin Ingila, daga baya aka sauya don tunawa da sojojin Gold Coast (Ghana ta yanzu) da suka yaƙi Japanawa a dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yawansu 'yan arewa ne, kuma da Hausa ake magana a cikin bariki a lokacin. Shi ya sa har yanzu dattawan unguwar Nima da ke Accra ke cewa “kakan wane ya je Bama”, kuma abin alfahari ne.

Sai dai kada ka ɗauka wurin yawon buɗe ido ne. Hedkwatar sojan Ghana ce, a bakin ƙofa za a tambaye ka wajen wa ka zo, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. In kayan tarihi kake son gani, tafi Kumasi Fort, gidan tarihin soja, inda bindigogi da lambobin yabo na wancan yaƙin suke ajiye.