Biyar ba yayan huɗu ba ne

"Oga, mai mashin ɗin nan ya taho da nasa man birkin daga Kaduna, DOT 5 ne. Ya ce in zubar da na ciki in sa masa wannan. Ai biyar ta fi huɗu, ko?"

Ajiye gorar nan tukuna, Habu. Ɗaga ta a rana. Ka ga man shunayya ne? Wanda muka saba zubawa kuwa fari-fari ne, ya ɗan ja rawaya. Yanzu goge murfin masta, famfon nan mai kofin mai da ke jikin hannun birki, ka karanta mini abin da kamfani ya rubuta. DOT 4, ko? To, shi robobin ciki suka sani.

Ban ga laifinka ba. A kan Boxer ka buɗe ido, birkin durom, waya a gaba ƙarfe a baya, babu ruwanka da mai. Sai masu faifai suka fara shigo mana gareji.

DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 'yan ɗaki ɗaya ne, dukkansu da sinadarin gilaikol aka yi su, in sun gamu a tiyo ɗaya ba faɗa. DOT 5 kuwa bare ne, silikon ne. Ka haɗa shi da waɗancan, kamar ka zuba man gyaɗa a ruwa ne, kowa ya ware gefensa, dauɗa ta taru a ƙananan hujojin masta. Wannan ɗigon da ke tsakanin 5 da 5.1 ya sa mutane da yawa asara.

Lambar tana gaya maka zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 sai 230, DOT 5.1 kuma 260. Amma man gilaikol mashayin ruwa ne, daga iska ma yana zuƙa, balle a watan Agusta da Zariya ke jiƙe sharkaf. In ya sha ya ƙoshi, DOT 4 ɗin nan na iya saukowa wajen 155. Mutum ya ɗauko kaya, ya yi ta matse birki daga Ɗanmagaji har Kwangila, kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a taya, ta ɗau zafi, mai ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa matsuwa yake yi. Sai ka ja hannun birki ya taho har kan roba, mashin na ta tafiyarsa.

Za ka ce ai DOT 5 ba ya shan ruwa. Gaskiya ne, kuma ba ya cin fenti, shi ya sa Harley-Davidson na Amurka suka daɗe suna zuba shi kafin su koma DOT 4. Sai dai ruwan da ya ƙi sha ba ɓacewa yake ba. Gangarawa yake ya kwanta a gindin kalifa, ya kawo tsatsa, ya tafasa a digiri 100 kacal. Ga riƙe kumfa, hannun birki ya riƙa yin laushi. Mashin mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ko kusa kada a zuba masa.

In mutum ya nace, sai an kwance masta da kalifa, a wanke tas, a sa sababbin robobi da tiyo. A mashin irin wannan, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Abin da za mu yi masa: sabuwar gorar DOT 4 da ba a fasa ba, ban da wanda ake tsiyayowa a robar ruwa. Rufe tanki da tsumma, don man nan na cin fenti. In ya ɗiga, ruwa maza. Zuƙe tsohon daga kofin, cika da sabo, sa siririn tiyo a nonon kalifa. Matsa hannun birki, riƙe, buɗe nonon, rufe, sannan ka saki. Ka saki kafin ka rufe, iska ta koma. Kada kuma kofin ya ƙafe. Haka za ka yi ta yi har mai tsabta ya fito ba kumfa.

Baƙin mai kam ko da wasa. Wani ɗan acaɓa ya taɓa zuba shi, robobin suka kumbura, birki ya kama taya ya ƙi saki, turo mashin ya yi tun daga Ƙofar Doka.

Miƙo sifana lamba 8, ka kira mini mai mashin ɗin, ni zan yi masa bayanin gorarsa.