Amsa kan Black Zarak ɗin da aka turo hotonsa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga hoton da ka turo na Black Zarak, abin wasan nan na Transformers mai sauya siffa, a gwanjon Yahoo na Japan, kana tambaya ko ka saka kuɗi tunda farashin ya yi ƙasa. To, a gani na kada ka fara da shi. Bari in yi maka bayani.

Shi wannan mutum-mutumin, kamfanin Takara ne ya fitar da shi a 1988, cikin jerin Transformers na Japan mai suna Masterforce. Jikin wani Transformer mai suna Scorponok aka ɗauko aka sake masa kai da launi, aka ƙara masa mashi. Ba a taɓa sayar da shi a shagunan Amurka ba, shi ya sa masu tarawa ke rububinsa. Amma ka dubi wuraren nan masu ruwan zinare, ƙafafu, garkuwa, har ɗan ƙaramin da ke zama kai. Robar da aka yi su da ita tana mutuwa da kanta in ta tsufa. Ba sai ka yar ba. Lanƙwasa gaɓa ɗaya kawai za ka yi, ta ruguje maka a hannu kamar ƙuli-ƙuli, kuma gam ba ya kama ta da kyau. Yanzu ka lissafa tafiyar da zai yi, daga mai sayarwa zuwa sito, daga sito zuwa jirgi, kwastan su buɗe su rufe. Wallahi abin yana ba ni tausayi, saboda duk wanda ya fashe, lafiyayyun da suka rage a duniya sun ragu ke nan.

Sannan tallar da ka turo, mai shi ya sa ta a rukunin janku. A can wannan yana nufin yadda ka gan shi haka za ka karɓa, babu mayarwa, babu ƙorafi. Ga shi yawancin masu sayarwa a Yahoo ba sa aikawa waje, dole ka bi ta dillalai irin su Buyee ko ZenMarket, su ɗauki ladansu, ka biya kuɗin aike sau biyu, na cikin Japan da na fitowa. Arahar nan da ka gani, kafin kaya ya iso ta gudu.

Wani ɗan'uwa kuma ya ce nasa Optimus ɗin, wato jagoran jaruman Transformers, na kasuwar Japan ne saboda akwai tambarin Takara Japan a jiki. A'a, yaya, wannan bai isa hujja ba. Asalin Transformers ai kayan Takara ne, Diaclone na 1980 da Micro Change na 1983, kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓo su ya sa musu sababbin sunaye a 1984. Waɗanda aka fara sayarwa a Amurka ma a Japan aka ƙera su, da tambarin nan a jikinsu. Abin da ke rarrabewa shi ne kwali da takardun ciki, da lambar da ke jikin kwalin, C ga ɓangaren Cybertron (jarumai), D ga Destron (mugaye), sai kuma kayan da suka zo tare. Misali Fortress Maximus na 1987, na Japan ya zo da babban takobi, na Amurka babu. Kuma takobin kaɗai mutane na sayensa da tsada, don haka akwai na jabu.

In ni ne kai, daga Mandarake, masu sayar da irin waɗannan kayan na hannu, zan fara. Babban shagonsu yana Nakano Broadway a Tokyo, suna aikawa waje da kansu, kuma suna rubuta aibin kaya, ko kwali ya yage, ko wani abu ya ɓace. Ka nemi Star Saber na 1989, jerin Victory, shi ma na Japan ne zalla, kuma ya fi jure hannu nesa ba kusa ba. Farar robarsa dai tana komawa rawaya, don haka ka nisanta shi da taga, musamman a zafinmu na Maris da Afrilu.

In kuma zuciyarka ta nace sai Black Zarak, ka sa dillalin ya nemo maka hoton ƙafafun ta kusa, gaba da baya, ka biya kuɗin ƙarin naɗi a sito. In ya iso kada ka sauya masa siffa ko sau ɗaya. Turo hotunan nan mu duba tare kafin gwanjon ya rufe.