Kada Ka Tsallake Littafi Na Biyar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya tsallake littafi na biyar na Harry Potter saboda kaurinsa. Ina roƙonka kada ka yi haka. Gaskiya ne wannan littafi na 2003 ya fi sauran shida tsawo, babi 38 ne, kuma farkonsa yana jan ƙafa. Ni kaina da na sayi tsohon kwafinsa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, sai da na jingine shi mako biyu. Amma a cikinsa ne Umbridge, malamar da hukumar masu sihiri ta tura makarantarsu, take tilasta wa Harry rubutu da alƙalamin da ke tsaga bayan hannunsa, zaluncin mai riƙe da muƙami wanda ya fi sihirin Voldemort, babban mugun labarin, tayar mini da hankali. A ƙarshensa kuma ake bayyana annabcin da littattafai biyu na ƙarshe suka ginu a kansa.