Sana'ar sassabe da gyaran itatuwa a Damagaram: ta ina zan fara?

Malam, ka tambayi kayan da za ka saya da inda za ka samu masu ba ka aiki. Kada ka fara da injin yanka, tsadarsa da man da yake sha za su cinye jarinka. Gatari mai kaifi, adda, zarto, tsani da igiya mai ƙwari sun isa. Igiyar nan kada ka yi mata rowa, ita ce ke riƙe ka a sama, ita ce ke sauke reshe a hankali don kada ya rusa katangar mutane, musamman a unguwar Birni inda lunguna suke da matsi.

Kafin komai je wurin jami'an gandun daji ka nemi izini. Dokar daji ta 2004 tana aiki, kuma gawo itace ne mai kariya, taɓa shi ba takarda tara ce. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa, a kira kamfanin lantarki na NIGELEC tukuna.

Yawancin aikinka a kan itacen dogon yaro ne. Gab da damina, watan Mayu, zagaya makarantu, masallatai da gidajen unguwar Zango, lokacin kowa na tsoron iska. Ka gaya wa magina da masu unguwa cewa kana wannan aiki. Kai da mai ba ka aiki ku daidaita tun farko wa zai kwashe itacen, don masu tuwo-tuwo da gashin burodi suna saye.